Karin kumallo a Tianjin da ƙwai a aljihu

Tun ina Guangzhou autanmu yake damuna a waya: "Yaya, shekara nawa kina zuwa Chaina, amma ba ki san ko'ina ba sai unguwar Xiaobei da shagunan yadi. Ki hau jirgin ƙasa ki zo Tianjin ki ga inda nake karatu mana." Gaskiyarsa kuwa. Kullum hanyata ɗaya ce: Kano, Addis Ababa, Guangzhou, in yi sari, in kai kaya wurin masu jigila, in juyo gida. A wannan zuwan, farkon Nuwamba, sai na gama da kwana 4 a hannu, na ce bari in cika masa buri.

Daga tashar kudu ta Guangzhou zuwa Beijing tafiyar ta fi kilomita 2,000, amma jirgin ƙasa mai gudun tsiya yana cinye ta cikin awa 8 da 'yan kai. Fasfo ɗinka shi ne tikitinka, ka ɗora shi a kan na'ura ƙofa ta buɗe. Na zauna kusa da taga ina kallon ƙasar tana canza kama. Da safe tsaunuka ne kore shar da gonakin shinkafa. Bayan mun haye babban kogin Yangtze a Wuhan sai ƙasa ta fara shimfiɗewa, gonaki an girbe, itatuwa sun kaɗe, sama ta yi fari kamar hazon hunturu a Katsina. Na taho da mayafi mara nauyi saboda zafin kudu, ina sauka a Beijing sanyi ya shiga ƙashina. Auta yana jirana da wata jibgegiyar riga, yana dariya. Muka canza tasha, muka hau wani jirgin da ke kai mutum Tianjin cikin kusan minti 30. Wannan layin tun 2008 yake aiki, shekarar da Beijing ta karɓi wasannin Olamfik. Muna fitowa ga kogin Hai a gabanmu, fitilu sun haske tsohuwar gadar ƙarfe. Ban tsaya kallo ba, barci nake ji.

Da asuba bayan salla ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya miƙo mini ɗanyen ƙwai biyu.

"Na mene ne, Auta?"

"Ki sa a aljihu, Yaya, ki yi hankali kada su fashe."

Unguwar da ya kai ni sunanta Xibeijiao, ma'ana kusurwar arewa maso yamma ta tsohon gari. Nan Musulmi 'yan ƙabilar Hui suke da yawa, kusa da babban masallacin Tianjin, wanda in ba a faɗa maka ba za ka ɗauka fadar sarki ce saboda rufinsa mai lanƙwasa. Ya nuna mini haruffa biyu da ake karantawa "cingjen", ya ce duk shagon da na ga su to abincinsa halal ne. Hankalina ya kwanta, don a tafiye-tafiyena na sha kwana da burodi da ruwan shayi saboda tsoron abin da ke cikin tukunya.

Layi muka tarar a gaban wata 'yar rumfa, tururi yana tashi. A gefen teburin an jera ƙwai bibbiyu. Ashe al'adar mutanen garin ce su zo da ƙwansu daga gida, a rage musu kuɗi, wani ma ya ajiye ƙwan ya riƙe masa layi ya tafi sayen madarar waken suya. Mai rumfar, wata dattijuwa da farar hula, ba ta rikita na wane da na wane.

Abin da take yi shi ake kira jianbing, a Tianjin kuma jianbing guozi. Na tsaya na zuba mata ido irin na wadda ta tashi a gidan da ake suyar waina. Tandarta faifan ƙarfe ne baƙi, shafaffe, ba gurabe irin tamu, faɗinsa ya kai babban faranti. Ta goga ɗan mai da tsumma, ta zuba ludayi ɗaya na ƙullu a tsakiya, ta ɗauki wani ɗan katako mai kama da ƙaramar manjagara mara haƙora, ta juya shi zagaye ɗaya. Zagaye ɗaya tak, ƙullun ya bi faifan ya zama siriri kamar takarda. Ta fasa ƙwaina biyu a kai, ta baje su da katakon, ta watsa lawashi da riɗi. Ta zura wani ƙarfe ta gefe ta kife shi, ƙwan ya koma ƙasa. Sai ta shafa abu uku da buroshi: wata miya mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa, mai zaƙi da gishiri, wadda ake yi da tsimammen garin alkama, wani jan romo na awara da aka tsima, sai barkono soyayye a mai. Ta ɗago ta tambayi Auta wani abu.

"Yaya, cewa take guozi ko guobir?"

Guozi dogon soyayyen ƙullin fulawa ne, kamar a ce an ja fanke ya yi tsawon kamu ɗaya, cikinsa iska. Guobir kuwa falle ne siriri mai ƙaras-ƙaras. Na zaɓi na biyun. Ta ɗora, ta naɗe gefe huɗu, ta dara tsakiya da ƙarfen har na ji ƙarar karyewarsa, ta ninke ta zura a takarda. Duka bai kai minti 2 ba.

A tsaye na ci, a bakin titi, hannuna yana shan ɗumi. Farko laushin ƙwai da ƙamshin wake, sannan gishiri da zaƙi, sannan ƙarar nan a tsakiya. Ƙamshin waken ne ya ba ni mamaki, don kai tsaye ya tuna mini ƙosai. Ƙullun na koren wake ne, ɗan ƙanana ɗin nan, ana jiƙa shi a markaɗa, kuma mutanen Tianjin ba sa wasa da wannan. A Beijing da sauran garuruwa ana yi da fulawa, a cusa latas da tsiran nama da duk abin da mai saye ya nuna. Ɗan Tianjin yana ganin wannan ɓata abinci ne, kamar yadda Bakano zai kalli wanda ya zuba madara a miyar kuka. Har a 2018 ƙungiyar masu sana'ar abinci ta garin ta fitar da ƙa'ida a rubuce, ta ce faɗinsa ya kasance santimita 38 zuwa 45. Na yi dariya da Auta ya gaya mini, amma a raina na ba su gaskiya. Asalin abin daga lardin Shandong ne, da ke kudu da su, inda manoma suke yin irinsa da gero ko dawa ko masara, busasshe, su naɗe shi da ɗanyen lawashi su tafi gona.

Sauran kwanakin mun zaga gari. Mun hau ƙaton lilon nan mai tsayin mita 120 da aka kafa a kan gada, na rufe ido rabin tafiyar. Mun ga gidajen da Turawa suka bari tun zamanin da suka yanki unguwanni a birnin. Amma kowace safiya rumfar nan nake komawa, in tsaya daf da tanda, har dattijuwar ta gane ni. A rana ta uku da layi ya ragu ta miƙo mini katakon. Na ja, ƙullun ya tattare gefe ɗaya, tsakiya ta huje. Ta kama wuyan hannuna ta ɗaga shi sama kaɗan, ta nuna mini cewa ba a dannawa, katakon ne yake yawo a kan ƙullun da nauyin kansa. Ba mu da yare ɗaya, amma na fahimta. Kafin in taho na sayi garin koren wake kilo 2, kwalbar miyar nan, da katakon.

A Kano gwajin farko abin kunya ne. Na cika wa kasko wuta kamar zan soya ƙwai, ƙullun ya kama kafin in taɓa shi, ya yage gida uku. Ƙaramar 'yata ta leƙo ta ce, "Umma, wannan ƙosai ne mota ta taka?" Sai da na ɓata ƙwai kusan rabin kiret na gane kan abin. Wuta ƙasa-ƙasa, mai ɗan kaɗan a goge da tsumma, don in ya yi yawa ƙullun zamewa yake ba ya kama kasko. Ƙullun kuma ya fi na waina ruwa nesa ba kusa ba, ya zama yana zuba daga ludayi kamar kunu mara kauri, a bar shi ya huta minti 30. Tunda kaskona mai baki ne, katakon ba ya juyawa sosai, sai nake sauke kaskon daga wuta in zuba in karkata shi ya zagaye da kansa.

Da garin koren waken da na taho da shi daga Tianjin ya ƙare na koma kan farin wakenmu. Nakan surfa shi kamar na alala, a markaɗo da laushi, kashi biyu wake kashi ɗaya fulawa, don fulawar ce take riƙe shi kada ya yage. Abin ƙaras ɗin tsakiya kuwa ƙullin samosa ne, in murza shi siriri, in yanka falle-falle, in tsaga tsakiya don kada ya kumbura, in soya tun dare in rufe a roba. Miyar ce ta fi ba ni wahala. Yanzu ina haɗa baƙin romon waken suya na kanti da sukari da ɗan daddawa, in ɗaure da cokali ɗaya na fulawa a wuta. Tsimammiyar awara ban sami madadinta ba, na haƙura. Abu ɗaya da ba na yarda da shi: a soya a ajiye. Minti 5 ya isa tururi ya kashe ƙarar tsakiyar, shi ya sa duk mai ci sai ya zo kicin ya tsaya.

Ranar Asabar da ta wuce na kira Auta ta bidiyo na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaya, in dattijuwar nan ta ji kin sa daddawa, ba za ta sake ba ki katako ba." Na ce ya gaishe ta dai. A bayana yara uku suna tsaye, kowa da ƙwansa a hannu, maigida kuma yana tambaya daga falo ko nasa ya sauka.