Abin da jagorancin yawon tarihi a kwari ya koya min

Aikina shi ne in ja mutane mu bi kwari a ƙafa ina nuna musu inda mutanen zamanin da suka zauna, kuma gaskiya tafiyar ba ta taɓa ƙarewa a lokacin da aka rubuta. Akwai wani lissafi da William Naismith, wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, ya fitar a 1892, wai awa ɗaya duk kilomita 5, a ƙara awa ɗaya duk hawan mita 600. To shi fa da ƙaƙƙarfan mutum yake wanda ba ya tsayawa, ni kuma ayarina akwai dattijo mai ciwon gwiwa, akwai mai ɗaukar hoton kowace bishiya, dan haka na gwammace in rage nisa in ƙara wuraren tsayawa.

Babban darasin dai shi ne surutuna ba ya zama a kan mutane kamar abin da idonsu ya gano da kansa. In mun iso kufai sai in yi shiru in ce kowa ya dubi ƙasa. Minti biyu ba a yi ba wani zai ɗago tsingaro mai zane a bakinsa, wata ta ga ramin da niƙa ya cinye a jikin dutse sumul, wani kuma ya tsinci baƙin dunƙule mai ƙofofi ya ce dutse ne, alhali kashin ƙarfe ne, alamar an taɓa narka tama a wurin. Daga nan tambaya ke ɓarkewa, me ya sa suka zauna a gangare suka bar bakin ruwa? Saboda ambaliya mana, ƙasan kwarin na noma ne dan lakar da ruwa ke ajiyewa, gida kuma sai tudu, kuma lakar nan ita ke binne tsofaffin abubuwa shi ya sa ba ka cika ganin komai a can ƙasa ba.

Tambayar da ta fi wuya ita ce shekara nawa ke nan. Mutane na son lamba ko da ta ƙarya ce, wallahi wasu har haushi suke ji in ban ba su ba. Sai in yi musu bayanin gwajin kabon da Willard Libby ya samu kyautar Nobel a kansa a 1960, yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa kamar gawayi ko ƙashi, dutse kam sam. In ba a yi gwajin ba, iyakata in ce wannan katangar ta girmi waccan tunda an jingina waccan a kanta.

Labarin dattawan ƙauye kuma ina bayar da shi yadda na ji, in ce baba wane ne ya faɗa, in wani gida na da nasa daban shi ma in kawo, ba na sasanta su. Tsingaron nan kuwa duk kyansa a mayar da shi daidai inda aka ɗauka, dan wurin da yake kwance shi ne rabin bayaninsa, kuma kafin mu tashi sai na ce kowa ya laluba aljihunsa.