Mun ɗauka tibi ce

Shekara 8 kenan da Yayana ya gama kemo, wato maganin ciwon daji, kansar kaluluwa ce ta kama shi lokacin, wadda likitoci ke kira Hodgkin, a wuya ta fito mishi. Aka ce ya warke, muka yi sadaka, Hajiya ta ƙulle takardun asibitin a leda ta cusa ƙasan akwati, ko sunan ciwon ba ta son a ambata a gidan.

Bana da hunturu ya fara tari, busasshen tari mara kaki sosai, muka ce ƙurar Kano ce. Sai zufa cikin dare, ana wannan sanyin amma da asuba matarsa sai ta canza zanin gado ya jiƙe sharkaf, ga ƙaiƙayi har ƙafarsa duk shatin farce, wando kuma ya dena zama a ƙugunsa. Wani ƙaramin asibiti suka ɗauki hoton ƙirji suka ga inuwa, gwajin kaki bai nuna tibi ba, wato tarin fuka, amma duk da haka aka ɗora shi kan maganin tarin fuka wata 2 cur, kuma wlh laifin har da mu, ba wanda ya buɗe baki ya ce Yaya ya taɓa yin kansar kaluluwa.

Ranar da ya tashi fuskarsa a kumbure jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa muka garzaya asibitin Malam Aminu Kano. Tambayar farko da likitan ya yi: "Alhaji, akwai wani babban ciwo da ka taɓa yi a baya?" Nan Hajiya ta fashe da kuka.

Aka ɗauki hoton cikin ƙirjinsa da na'urar CT, ya nuna ƙullutu a tsakiyar ƙirji tsakanin huhu biyu, yana danne babbar jijiyar da ke maida jini zuciya, shi ya kawo kumburin. Ni na matsa a fara kemo nan take, likitan ya ce a'a, hoto ba ya faɗin sunan ciwo, bayan shekaru haka zai iya zama tibi, ko wata sabuwar kansar daban, sai an tsakuro tsoka da allura an duba a lab an kwatanta da tsohon sakamako. Sai ga ledar Hajiya ta yi rana.

Sati 2 muna jira. Tsohuwar kansar ce dai ta dawo. Yaya ya ninke takardar ya sa aljihu, ya ce in kai shi masallaci tukun, la'asar ta yi.