Kalmar "living" a Jamusanci: tarkon da ke kama masu fassara a Yamai

Mai cika takardun neman karatu a Jamus daga nan Yamai yakan tarar da fom ɗin cikin Ingilishi da Jamusanci, shi kuwa da Faransanci ya yi boko. A nan kalmar "living" take yi wa mutane ƙafar ungulu. Ƙamus zai ba ka "Leben", wato rayuwa, ka ɗauka an gama. Ni shawarata, kafin ka taɓa ƙamus ka tambayi kanka da Hausa: ana nufin neman abinci ne, ko tsadar rayuwa, ko wurin zama?

In neman abinci ne, kalmar ita ce "der Lebensunterhalt". A nahawun Jamusanci kalmar jinsin namiji ce, don haka tela zai rubuta "Ich verdiene meinen Lebensunterhalt als Schneider", da "meinen", ba "mein" ba. Sunan sana'a yana bin "als", aikin da kansa kuma yana bin "mit": mai sayar da albasar Galmi sai ya ce "mit dem Verkauf von Zwiebeln".

Babban kuskuren daga Faransanci yake zuwa. Mun saba da "gagner sa vie", sai mutum ya jera "sein Leben gewinnen". Bajamushe ya raba "gagner" gida biyu: "gewinnen" cin gasa ne ko caca, "verdienen" kuwa samu ne da gumi. Kada kuma ka gutsure kalmar ka bar "Unterhalt" kawai, domin a bakin hukuma galibi kuɗin ciyar da mata da ƴaƴa ke nan bayan rabuwa.

Kalmar "Lebensunterhalt" tana da nauyi a dokar zaman baƙi ta Jamus, wadda ta sa "Sicherung des Lebensunterhalts" cikin sharuɗɗan ba da izinin zama, wato ka nuna kana da abin riƙe kanka. Ɗalibai sukan nuna shi da asusun da ake kullewa, "Sperrkonto". Daga Satumban 2024 an tsayar da yuro 11,904 na shekara, ana sakar maka 992 kowane wata. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kenan kimanin jika 650 a wata, sama da miliyan 7.8 a shekara. A duba adadin kafin a tura, don yana canzawa.

Tsadar rayuwa "die Lebenshaltungskosten" ce, kullum jam'i: "sind hoch", wato sun yi yawa. "Lebensmittel" kayan abinci ne, kada kamannin ya ruɗe ka.

Wajen zama Faransanci yana taimako: "wohnen" kamar "habiter", "leben" kamar "vivre". Shi ya sa falo "Wohnzimmer" ne. In kuma aka tambaye ka sana'arka, "Was machen Sie beruflich?" za ka ji, babu "Leben" a ciki ko kaɗan, ka amsa a taƙaice ba tare da "ein" ("un" na Faransanci) ba: "Ich bin Schneider."