Laraba, makon cike takardar zaɓen fanni

Wannan makon ne 'yan aji ɗaya ke cike takardar zaɓen fanni, shi ya sa tun da na buɗe ofis da safe ƙofar ba ta sake rufuwa ba. Galibinsu sa hannu kawai ya kawo su. Sun riga sun yanke shawara, nawa dai in duba ko makinsu ya kai, in buga hatimi, su ƙara gaba.

Wanda ya tsaya min a rai wani yaro ne mai natsuwa, makinsa ya isa ya kai shi duk sashen da ya ga dama. Kimiyyar kwamfuta ya rubuta. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, “Malama, an ce can ne aiki yake.” Na ce to madalla, amma mai wannan aikin, idan ya zauna a kujerarsa da hantsi, me yake yi har a tashi? Ya ce manhaja yake rubutawa. Na gaya masa cewa sau da yawa karanta abin da wani ya rubuta yake yi, yana laluben inda ya karye, kuma kuskure ɗaya tak kan cinye masa yini guda. Akwai waɗanda wannan laluben ke yi wa daɗi har su manta da lokaci, akwai kuma waɗanda yake kashe wa jiki. Na ce, “Kai a ina kake?” Bai sani ba, kuma ban ga laifinsa ba, don babu wanda ya taɓa nuna masa. Na ajiye takardarsa zuwa ƙarshen mako, na haɗa shi da wani tsohon ɗalibinmu da ke wannan aikin, ya je ya wuni a gefensa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan kowace shekara: sunan kwas ɗalibai ke zaɓa, aikin da ke bayansa kuwa ba su taɓa sa shi a ido ba. Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin ba matasa shawara kan sana'a a birnin Boston na Amurka a 1908, ya kasa lamarin gida uku: mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai da abin da kowanne ke buƙata, sannan ya auna yadda biyun za su haɗu. An haura shekara ɗari, amma har yau na tsakiyar muke tsallakewa. Muna ta tambayar yaro abin da yake so, alhali bai ga abin da zai so ɗin ba.

Da rana wata ɗaliba 'yar aji uku ta kawo littafinta na horon sanin makamar aiki in duba. A ɗakin gwajin ruwan sha ta yi nata. Na daɗe ina buɗe shafukan, wasu duk sun yi tabo. Makonnin farko babu komai sai wanke kwalabe da liƙa musu lamba. Daga nan aka bar ta tana saita na'urar auna tsamin ruwa kowace safiya da ruwan gwaji na pH (ma'aunin tsami) 4 da 7 da 10. A wani shafi ta rubuta cewa sakamakonta ya saɓa da na mai kula da ita, ta bi diddigi har ta gano ba a ɗauraye bakin na'urar ba tsakanin gwaji da gwaji. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Ta ce min, “Malama, da na ɗauka likitanci ne kaɗai aikin da ke kare ran mutane. Yanzu ko an ba ni ba zan bar ɗakin gwaji ba.” Na tambaye ta ko maimaita abu ɗaya kullum bai gundure ta ba, ta ce ai nan ne hankalinta ya fi kwanciya. Gani ya kori ji. Babu lakcar da zan yi da za ta ba ta wannan amsar.

Na kuma ja hankalinta ta riƙe zumunci da mutanen wurin, ko da gaisuwa ce jifa-jifa. Mark Granovetter, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya nuna tun 1973 cewa labarin gurbin aiki ya fi zuwa ta hannun waɗanda aka sani sama-sama fiye da aminai na kusa, domin aminanka abin da ka ji shi suka ji.

Wanda ya biyo bayanta kuwa ya ɓata min rai, ba shi ba, inda aka tura shi. Littafinsa fes kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Wata da watanni yana wani ofis, aikinsa kwafar takardu da zuwa aike, ba a biyansa ko sisi, kuɗin mota ma daga aljihunsa. Ya ce duk ranar da ya nemi a nuna masa aiki sai a ce ya dakata a samu sarari. Ya dawo yana ganin kamar shi ne bai iya komai ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo, don yaron yana da ƙoƙari, kuma na san da ƙyar iyayensa suka ɗauki nauyin zaman.

Ba haka aka tsara abin ba tun asali. Lokacin da Herman Schneider, wani malamin injiniya, ya fara haɗa karatu da aiki a Jami'ar Cincinnati ta Amurka a 1906, ɗaliban injiniya mako guda suke yi a aji, mako guda a masana'anta, suna karɓar albashi, abin da hannu ya taɓa a can a dawo a warware shi a allo. Makaranta tana sane da abin da ɗalibinta ke yi. Mu kuwa sau da yawa wasiƙa muke ba yaro, mu ce Allah ya ba da sa'a.

Gobe akwai taron sashe, kuma na riga na sa maganar a ajanda. Buƙatata ita ce kada mu sake tura ɗalibi ko'ina sai an ba mu sunan wanda zai kula da shi da irin aikin da zai riƙe da hannunsa, a rubuce, sannan malami ya leƙa shi tun watan farko. Na san za a ce wuraren ba su da yawa, idan muka tsaurara za su daina karɓa. Zan tafi da littattafan nan biyu in ajiye su a kan tebur, kuma na haɗa jerin tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a wurare daban-daban, waɗanda za mu fara tuntuɓa kafin zangon karatu mai zuwa.