Ƙasa kusurwa huɗu, sama zagaye

Shagona yana Dakata, kuma ƙarfe ne abincinmu. Ba ƙofa da taga muke yi ba, ko da yake in kasuwa ta yi sanyi ba ma mayar da su. Ainihin aikinmu shi ne kayan da ke kewaye da inji: mazurarin injin niƙa, bututun da ke kwashe ɓuntu a wurin casar shinkafa, akwatin fankar da ke sheƙe riɗi da zoɓo a rumbunan Dawanau. Mu bakwai ne, har da yara biyu masu koyo.

Wanda bai san sana'ar ba yana ɗauka walda ce mai wahala. Walda kuwa, yaro mai hankali in ya shekara yana riƙe waya zai iya ta. Wahalar tana wurin yanka. Fanka bakinta kusurwa huɗu ne, bututu kuma zagaye, dole a ƙera abin da zai haɗa su, kuma daga shimfiɗaɗɗen fallen ƙarfe mai ƙafa huɗu da ƙafa takwas za a fitar da shi. A shagonmu wuya muke kiran wannan abin, kuma sunan ya kama shi ta ko'ina.

Maigidan da ya koya mini aiki, wanda duk muke ce wa Baba, da takardar buhun siminti da kamfas da alli yake fitar da wuya. Zai zana da'irar a ƙasa, ya raba ta gida goma sha biyu, ya ja layi daga kowace kusurwar murabba'in zuwa ɗigon da ke kusa da ita, sannan ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana neman tsawonsu na gaskiya, tunda layin da ke kwance a zane a tsaye yake a jikin ƙarfe, ya fi yadda ake ganinsa tsawo. Rabin yini yake ci yana tsugune. Ba ya son a yi masa magana a lokacin, ko sallama ce da hannu yake amsawa. Haka na koya, haka kuma na yi ta yi bayan ya sallame ni.

Kwamfuta ta shigo shagon ne ta hannun ɗan yayata. Ya gama Kano Poly, ya yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai uwarsa ta ce ya riƙa zuwa wurina maimakon zaman majalisa. Ya zo da wata laftof 'yar gwanjo. Ranar da ya gan ni a tsugune da kamfas sai ya ce, "Kawu, wannan abin da kake wuni a kai, minti biyar ne fa." Na ce masa to, bismilla.

Manhajar da ya buɗe sunanta FreeCAD. Kyauta ce, kuma ba ta neman intanet kafin ta yi aiki, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Ya nuna mini cewa yawancin siffofi da umarni huɗu ake gina su. Akwai na miƙawa: ka zana da'ira, ka ja ta sama, ta zama bututu. Akwai na juyawa: ka zana gefe ɗaya na turmi, ka juya shi a kan tsakiyarsa, turmi ya fito, haka ma tulu ko kalangu. Akwai na bin hanya, inda siffa ɗaya take bin lanƙwasasshen layi, kamar gwiwar famfo. Na huɗun shi ne lof. A nan siffa biyu ko fiye za ka ba ta, kowace a nata tsayin, ita kuma ta lulluɓe tsakaninsu. Ya zana murabba'i a ƙasa, da'ira a sama, ya danna, sai ga wuya a fuskar kwamfuta yana juyawa. Ban ce komai ba, amma raina ya ɗan sosu. Shekarun da na yi ina tsuguno ne suka faɗo mini.

Daga baya na bi diddigin sunan, ashe ba ɗan kwamfuta ba ne. A wuraren ƙera jiragen ruwa na Turai akwai wani ƙaton ɗaki a saman bene, shi ake kira lof da Turanci, inda ake zana jikin jirgi a daɓe da cikakken girmansa. Ana zana haƙarƙarin jirgin yanki-yanki, sannan a ɗauko siririn katako mai lanƙwasuwa a bi da shi ta kan ɗigogin, a danne da dalma mai nauyi da suke kira agwagi, don layin ya fita sumul. Masu ƙera jirgin sama ma da haka suka fara. Sai a 1959 wani masanin lissafi a kamfanin Citroën na Faransa, Paul de Casteljau, ya samo hanyar lissafa irin wannan lanƙwasa, Pierre Bezier na kamfanin Renault shi ma ya fitar da tasa a shekarun 1960. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta. Ashe su ma 'yan tsuguno ne, alli da daɓe.

Na fara koyo bayan isha'i, in akwai caji. Karona na farko da lof, wuyan ya fito a murɗe kamar zanen da aka matse bayan wanki. Na goge na sake, haka dai. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne in ka gane shi. Kowace siffa tana da inda ta fara, ko da ido ba ya gani. Da'ira ma tana da wurin da bakinta ya haɗu. Manhaja tana ɗaukar mafarin ta ƙasa ta ɗaura shi da mafarin ta sama, sauran su bi layi. In mafarin murabba'in yana gabas na da'irar yana kudu, sai ta murɗa jikin don su gamu. Sannan murabba'i gefe huɗu gare shi, da'ira kuwa layi ɗaya ce tal, don haka sai manhajar ta yanke wa kanta yadda za ta raba. Maganin shi ne ka raba da kanka: ka yanka da'irar baka huɗu, kowane baka ya fuskanci gefe ɗaya. Da na yi haka murɗewar ta tafi. Na ɗauka na gama koyo.

Ana nan sai wani Alhaji mai injin casa a Kura ya kawo aiki, wuya biyu na bututun ɓuntu. Na ce bari mu gwada sabon ilimi. Muka yi lof, ya fito gwanin sha'awa. Akwai wani umarni da ke baje siffa ta koma shimfiɗe, muka baje, muka kwafi zanen a kan ƙarfe mai kaurin milimita 2 da na saya a Ƙofar Ruwa da safiyar ranar, muka yanka. Wurin naɗewa ne ido ya raina fata. Ƙarfen ya ƙi zuwa inda zane ya ce. Muka sa guduma, gefe ya tattare, bakin sama ya fito kamar ƙwai, tsakanin haɗin kuma yatsa yana shiga. Da walda za a iya cike shi, amma ɓuntu da iska ba sa yafe tudu a cikin bututu, nan za su riƙa taruwa har ya toshe. Na kira Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mana kwana biyu." Ya ce Allah ya kai mu, cikin muryar da na san ma'anarta.

Da yamma na ɗauki yaron da laftof ɗinsa da lalataccen wuyan a Keke Napep muka nufi gidan Baba a Kurna. Ƙafa ta hana shi fita aiki yanzu, amma idonsa na nan. Ya jujjuya ƙarfen, ya sa aka juya masa na cikin kwamfutar, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ina gidajen nan masu kusurwa uku?" Yaron ya ce, "Baba, wannan ba ya bukatarsu, sumul yake." Baba ya ce, "Ɗan nan, ƙarfe ba fata ba ce da za ka jiƙa ka ja. Ka taɓa ganin an baje ƙwarya ba ta fashe ba?"

Maganar ke nan gaba ɗaya. Takarda za ka iya naɗe ta bututu, ko ka yi mata tsini kamar yadda mai gyaɗa ke yi, ka warware ta koma yadda take, domin ta fuska ɗaya ta lanƙwasa. Ƙwarya kuwa ta lanƙwasa ta fuska biyu, ba ta bajuwa. Lof ɗin da muka yi ya haɗa miƙaƙƙen gefe da baka kai tsaye, jikin da ya fito yana da ɗan karkacewa irin wanda falle ba zai yi ba sai an ja shi. Umarnin bajewar kuma bai yi mana ƙarya ba, kintace yake yi, ya ɗan ja nan ya ɗan matse can. Mu ne muka ɗauki kintace a matsayin awo. Wuyan gaske, irin na Baba, gida takwas ne: alwatika huɗu shimfiɗaɗɗu, kowace gindinta gefen murabba'in ne tsininta yana taɓa da'ira, da kuma ɓarin mazurari huɗu, kowane tsininsa yana kan kusurwa bakinsa yana kan rubu'in da'ira. Duka takwas ɗin suna bajuwa ba gardama.

A hanyar dawowa yaron bai yi magana ba. Washegari ya riga ni zuwa shago. Ya gano cewa lof yana karɓar ɗigo ɗaya a matsayin siffar farko ko ta ƙarshe. Sai ya yi daga kusurwa zuwa baka sau huɗu, daga gefe zuwa ɗigo sau huɗu. Lof takwas ƙanana maimakon babba ɗaya. Abin da ya fito a fuskar kwamfutar shi ne zanen Baba na takardar siminti, sai dai wannan yana tsaye yana juyawa.

Ga misali don wanda yake cikin sana'ar. Murabba'i milimita 400 kowane gefe, da'ira mai faɗin 300 a tsakiyarsa daidai, tsayi 350. In ka raba da'irar goma sha biyu, layi huɗu ne ke tashi daga kowace kusurwa, biyu na gefe tsawonsu 406, biyu na ciki 378. Awo biyu ke nan kacal, irin wannan ko da kamfas ba ya ɗaukar lokaci. Inda kwamfuta take biyan kuɗinta shi ne in bututun ya goce daga tsakiya, saboda ginshiƙi ko bango ya tare hanya, wanda kuma shi ne kullum a injinan da aka cusa a tsofaffin rumbuna. A nan layuka goma sha shidan kowane da nasa tsawon, kuskure ɗaya ya ɓata falle. Yanzu dannawa muke yi mu karanta. Sai kuma kauri, wanda ke cin sababbin hannu: in cikin bututu 300 ake so a ƙarfe mai kauri 2, da 302 za ka lissafa kewaye, wato tsakiyar kaurin. Zai ba ka kusan 949 maimakon 942. Wannan 'yar ratar ita ce tsakanin bututu ya shiga da a kwana ana dukansa.

Lof yana da zurfi fiye da inda muka tsaya. Ana jera siffa biyar ko shida, a wasu manhajojin har a sa layin jagora a gefe don jikin ya bi shi, a fitar da abu kamar kwalekwale ko bakin buta. Na gwada bakin butar don nishaɗi, har yau yana fito mini da ƙusumbi a tsakiya, saboda in siffofi biyu suka matsu kusa kuma girmansu ya bambanta da yawa, jikin sai ya kumbura kafin ya dawo. Masu ƙera mota har zanen jakin dawa suke haskawa a jikin siffa don su ga inda santsi ya karye. Mu ɓuntu muke turawa, bai kai nan ba. Na kuma ga wata manhajar, Fusion 360, a wurin abokin yaron, yana da sashen fallen ƙarfe da ke fitar da wuya da layukan lanƙwasawa a take. Abu ne mai kyau, amma na kasuwanci biya ake yi da kuɗin waje, kuma yana son intanet. Na ce a dakata tukuna.

Laftof a shagon walda kamar jariri take. Ƙurar giranda ƙarfe ce, in ta shiga cikinta an gama, don haka a leda take kwana cikin ɗan ofis, kuma ba mai taɓa ta sai ya wanke hannu. Wani abin da ban zata ba shi ne ciniki. In na tura wa mutum hoton aikinsa ta WhatsApp yana juyawa tun ba a yanka komai ba, gardamar farashi tana raguwa. Amma sau ɗaya na haɗa da awo, mutumin ya kai wa wani mai araha ya yanka masa. Tun daga ranar hoto kyauta ne, lambobi kuwa sai an ba da kafin alƙalami.

Yaran da ke koyo duk ɗokinsu su zauna gaban kwamfuta. Sharaɗina shi ne kowa sai ya fitar da wuya ɗaya da kwali da kamfas, ya naɗe shi ya liƙe bakinsa ya haɗu, sannan a buɗe masa leda. Ƙaramin ya yi sau uku bai samu ba, jiya na ga ya roƙo kwalin taliya a kantin maƙwabta zai sake.

Wuyan Alhaji biyun mun kai su Kura ranar da muka ce, suna nan suna aiki. Lalataccen kuma mai shayin bakin layinmu ya roƙe shi. Ya kifa shi a kan murhunsa yana tare masa iska, tukunyar tana zama a kan bakin nan mai kama da ƙwai, ya ce bai taɓa samun wanda ya yi masa daidai haka ba.