Yadda waƙa a gaban waya ta raba ni da barci lokacin korona

Duk wanda ya taɓa hawa dandali ya san halin da jiki ke shiga kafin a kira sunansa: zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya gajarta. Aikin sinadarin adirenalin ke nan, kuma mu mawaƙa da shi muke aiki. Abin da ban taɓa lura ba sai da korona ta zo, ashe jama'a ne ke sauke mu. Tafi da sowa, gaisawa da makaɗa a bayan fage, naɗe wayoyin makirufo, hirar hanyar komawa gida, su ne ke sanar da jiki cewa an tashi daga aiki.

Ranar 11 ga Maris, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Washegari gidajen wasan Broadway na birnin New York suka rufe, ba su dawo sosai ba sai Satumbar 2021. A watan na Maris ne kuma wasu mawaƙa 61 suka taru atisaye na awa biyu da rabi a jihar Washington ta Amurka, fiye da 50 suka kamu, biyu suka rasu. Daga nan rera waƙa cikin taro ya zama abin tsoro ko'ina, aikinmu ya tsaya cak.

Shawarar da kowa ya ba ni guda ce: koma intanet, kada a manta da kai. Na karɓa hannu bibbiyu. Kusan kowane dare nakan kafa waya, in kunna fitila, in buɗe shirin kai-tsaye a Facebook ko Instagram. Jikina bai san bambanci ba, yakan hau kamar yadda ya saba. Sai in kai ƙarshen waƙa, in ja baitin nan da ke tayar da mutane tsaye, in ji tsit. 'Yan hotunan zuciya na ta shawagi a fuskar waya, amma ɗakin ba kowa. In latsa maɓalli, shi ke nan, an gama. Ni kuwa ban gama ba. Zuciyata na nan tana bugawa, ba wanda zan ce wa "ka ji inda muka kauce a amshi na biyu?" Sai in koma wayar in duba mutum nawa suka kalla, a wace waƙa suka fara ficewa, in sake dubawa, in sake. Gari ya waye idona biyu.

Har yau abin na yi mini ciwo cewa cikin masu ce mini in koma intanet, babu ko ɗaya da ya ambaci wannan. Ana ta zancen fitila da makirufo da lokacin da mutane suka fi kallo. Ba wanda ya ce mutum zai hau dandali kullum ba tare da ya sauko ba.

Rashin barcin ya jawo sauran. Muryata ta fara dusashewa, na zama mai saurin fushi, waƙar da nake ƙauna ta koma mini kaya. Da na gwada faɗa wa wasu, amsar ita ce, "Kai da kake sa mutane nishaɗi, wace damuwa gare ka?" Wannan magana ta rufe mini baki tsawon lokaci. Sai a Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar. Ina cikin wannan lissafi, ina murmushi a gaban kyamara.

Likitar da na yi magana da ita ta waya ba ta ce in daina waƙa ba. Tambayarta ta farko: ƙarfe nawa kake gama shirin, kuma me kake yi bayansa? Na rasa amsar kashi na biyu. A nan muka fara gyara. Na rage shirin, na dawo da shi yamma. Na tsayar da lokacin tashi daga barci, ko na samu barcin ko ban samu ba, in fita hasken safe. Da zarar na gama shiri, wayar kan bar ɗakin, ba na duba alƙaluma sai washegari. Abin da ya fi yi mini magani kuwa shi ne yarjejeniyar da muka ƙulla da makaɗina: ya kalli shirin daga gidansa, ina gamawa ya kira ni ta wata wayar, mu yi hirar bayan fage yadda muka saba. Kiɗa tare ta Zoom, manhajar kiran bidiyo, bai yiwu ba, don jinkirin sauti na wargaza kari, amma hira ta yiwu. Na kuma koma atisaye ba kyamara, da fitar da numfashi a hankali, dogo fiye da shaƙarsa, abin da kowane mawaƙi ya iya tun ranar farko, mai kuma kwantar da bugun zuciya.

Ɗan'uwa mawaƙi, ɗan wasa ko mai rawa, in ka yi mako biyu ranka a jagule, ba barci, abin da kake so ya daina yi maka daɗi, nemi likita, kada ka jira masu kallo su gane. In kuwa tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, a ranar za ka faɗa wa wani. Ni dai har yanzu in aka nemi in yi shirin kai-tsaye, kafin maganar kuɗi nakan tambayi lokaci, da kuma wanda zai kasance tare da ni a ɗakin idan na gama.