Yadda na gina wa kunkurunmu maɓoya

Babban kunkurun nan mai launin rairayi da ake ajiyewa a gidajen ƙasar Hausa dabbar rami ce. A dajin Sahel inda asalinsa yake, yakan haƙa rami mai tsawon mita da yawa ya shige idan rana ta take, domin jikinsa ba ya daidaita zafin kansa kamar na akuya ko kaza, sai dai ya ɗauki zafin wurin da yake. A ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, sanyin hunturu kuma ya sauko ƙasa da 15 da asuba, barin kunkuru a fili babu wurin fakewa zalunci ne a ganina, ko da ana cika masa ciki da harawa kullum.

Da namu ya soma haƙa a gindin katanga, sai na ga in an bar shi, ko katangar ta zube a damina, ko ruwa ya cika ramin yana ciki. Saboda haka na zaɓi tudu a ƙarƙashin darbejiya, nesa da inda indararo ke zuba, na haƙa tushe mai zurfin kamu biyu na jera duwatsu, don ya samu ƙasar tonawa a ciki amma ya kasa ɓullewa waje. Bangon na tubalin jar ƙasa ne mai kauri, rufin kuma azara da zana, na daɓe da ƙasa a sama. Wani maƙwabcina ya ce in ɗora guntun kwano in huta, na ce masa: "Baba, kwano da rana tanda ce, da dare kuma ba ya riƙe ɗumi." Ban da haka, bakin kwano yana yanka wa kunkuru ƙafa da wuyansa.

Ƙofar na juya ta kudu, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne girman ɗakin. Mutum yana zaton faɗi shi ne jin daɗi, alhali kunkuru ya fi natsuwa a wuri mai duhu da ƙarancin tsayi, inda ƙoƙon bayansa ke kusa da bango, muddin zai iya juyawa ya fito. Ƙofa ce ke bukatar rara, domin wannan dabba tana girma shekara da shekaru, namiji ma yakan haura kilo 50, kuma idan ya maƙale zai yi ta turawa har ginin ya faɗo masa. Na bar tazarar tafin hannu a kowane gefe, kuma ina sake aunawa bayan kowace damina. Ban sa dokin ƙofa ba, gangare mai sauƙi na yi, saboda kunkurun da ya kife a rana babu mai birkito shi yana iya mutuwa kafin la'asar.

Daɓen ciki rairayi ne gauraye da ƙasa, ina ɗan yayyafa masa ruwa da rani don ya yi danshi irin na rami, amma ba ya jiƙe ba. Da sanyi ina zuba busasshiyar ciyawa. A bayan ɗakin na bar wata kafa da nake toshewa da faifan katako, ta nan nake leƙawa in duba kwarkwasa da ɓeraye, waɗanda kan ciji kunkuru yana kwance, in kuma ga ko gara ta kama azara. Fiya-fiya ba ta zuwa kusa da wurin, shara da kwashe ragowar abinci sun wadatar.

Ƙananan kunkuru kuwa rabin tukunyar ƙasa ya ishe su, a goge kaifin bakinta da dutse, a binne gefenta don kada ta motsa. Yaran gida na hana su jawo kunkurunmu idan ya shige, domin wurin da ake fizgo shi kullum zai daina amincewa da shi, kuma duk wanda ya taɓa shi ko ya share ɗakin sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.